Allurar antibayotik a tiyatar karaya: yadda ake bada ita daki-daki, da abun da mai jinya zai sa wa ido

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bayanin na masu jinya ne musamman, wato wanda ɗan uwanshi ya karye likita ya ce sai an shiga tiyata an sa mashi ƙarfe, sai kuma ƙannenmu ɗaliban nas da masu koyon aiki a ɗakin tiyata nan Katsina da Daura. Zan kawo sunayen magunguna da adadinsu amma dan Allah kar wani ya ɗauki wannan ya nufi kemis ya ce a tsira ma ɗan uwanshi, na kawo ne don ka gane abun da aka rubuta a takarda kuma ka san tambayar da zaka yi.

Dalilin da yasa ake bada ita tun mutum bai kamu da komai ba shine, a jikin fatar kowa da cikin hancinshi akwai ƙwayoyin cuta zaune, wadda tafi kawo matsala a tiyatar ƙashi ita ce Staphylococcus aureus, kuma basa cutarwa matuƙar fata a rufe take. Ana sa wuƙa sun samu ƙofa. To a tiyatar ƙashi abun yafi tsanani saboda ƙarfen da ake sakawa, ko faranti da noti ko dogon ƙarfen da ake zurawa cikin ɓargo, ba jini ke bi ta cikinshi ba, sojojin jiki basa kai wa wajen da kyau. In ƙwayar cuta ta samu ta manne a jikin ƙarfe sai ta shimfiɗa ma kanta wani yauƙi, kamar yadda gansakuka ke kama jikin randa, daga nan magani ya dena ratsa ta yadda ya kamata. Shi yasa zaka ga mutum shekara guda ƙafa na tsiyayar mugunya ta wata 'yar kafa, a sha magani ta lafa, a dena ta dawo. Ana so maganin ya riga ƙwayar cutar isa wajen, dukkan maganar kenan.

Kuma an gwada an gani. A ƙasar Holan an yi bincike da aka wallafa 1996 kan mutum sama da 2,000 masu karayar da ba rauni aka yi masu tiyata, rabi an basu allurar ceftriaxone guda ɗaya tal kafin aiki, rabi ba'a basu ba. Waɗanda aka ba kashi 3.6 cikin 100 ne ciwonsu ya kamu, waɗanda ba'a ba ba kuma kashi 8.3. Allura ɗaya fa.

Da farko a san wace irin karaya ce

Karaya iri biyu ce a wannan maganar. Akwai wadda ƙashi ya karye a ciki fata bata fashe ba, akwai wadda aka samu rauni a wajen, ko ƙashin ya hudo fata ko wani abu ya huda ya tarar dashi. Ta farko bata buƙatar antibayotik ko ɗaya kafin ranar tiyata, in ma POP kawai za'a sa to babu zancen shi kwata-kwata. Wannan Ampiclox ɗin da ake ta ɗura ma mutum a gida wai don kar ƙafa ta ruɓe asarar kuɗi ce, kuma tana iya jawo matsala gaba.

Ta biyu ita ce gaggawa, agogonta ya fara bugawa tun lokacin da babur ɗin ya faɗi ko dokin ya kada mutum a wajen hawa. Kuma kar ƙanƙantar raunin ta ruɗe ka, sau da yawa ƙashin yana leƙowa ya kwashi ƙasa ya koma ciki ya bar 'yar huda kamar ta ƙusa, musamman a ƙwauri inda fata ke manne da ƙashi. Duk rauni kusa da karaya a ɗauke shi a matsayin ya kai ƙashi har sai likita ya ce a'a.

A wajen da abun ya faru

Ka duba agogo ko waya ka riƙe lokacin, za'a tambaye ka. In da hali ka ɗauki hoton raunin da waya sau ɗaya, hakan na rage buɗe-buɗe, kowane ma'aikaci ya zo sai a nuna mashi hoto maimakon a ta kwance ɗauri. Ka samu ƙyalle mai tsafta ka rufe, in jini na zuba ka danne a kai. A tallafe ƙafar ko hannun da katako ko kwali mai kauri a ɗaure sama da ƙasan karayar. Kar a tura ƙashin da ya fito ciki. Kar a zuba toka, ko garin magani, ko man birki, ko a fasa kafso a barbaɗa, duk waɗannan sai likita ya zauna ya kankare su a tiyata kuma wani baya fita duka. Kar a bashi abinci ko fura ko ruwa wai ya samu ƙarfi, don ana iya shiga dashi tiyata a ranar kuma maganin barci baya son ciki da abinci.

Sai maganar masu ɗori, wadda nasan wasu ba zasu ji daɗinta ba. Ban raina sana'ar kowa ba, amma karayar da ke da rauni ba ta gidan mai ɗori bace. A ja ƙafa, a shafa magani, a jera karare a ɗaure tamau akan raunin da ƙasa ke ciki, bayan kwana huɗu ko biyar a kawo mutum ƙafa ta kumbura tana wari, a lokacin kuma zancen rigakafi ya wuce sai dai ceton ƙafa, wani lokacin ma ceton rai.

Allurar farko

Ƙa'idar da likitocin ƙashi na Ingila ke bi ita ce a bada antibayotik ta jijiya cikin awa 1 da jin raunin. Wani tsohon bincike na Amurka na 1989 ya nuna waɗanda suka samu cikin awa 3 kashi 4.7 ne suka kamu, waɗanda suka wuce haka kashi 7.4. To mu duba halinmu. Mutum ya faɗi a Mai'adua ko Zango ko Baure, ko a hanyar Mashi da daddare, in aka ce sai an kai shi Katsina asibitin koyarwa na tarayya ko asibitin Janar Amadi Rimi na Batagarawa, ko a miƙe Kano asibitin ƙashi na Dala, kafin a samu mota a haɗa kuɗi a yanki kati awa nawa ta tafi? Shawarata a tsaya asibiti mafi kusa da ke da ma'aikacin da zai iya sa kanula, a bada allurar farko da ta tetanus, a rufe raunin da bandeji mai tsafta, a rubuta sunan maganin da lokacin da aka bada a takardar turawa, sannan a kama hanya. Ba sai an jira hoton ƙashi ba.

Tetanus ɗin nan kar a manta da ita, ita ce cutar da ke sarƙe haƙora ta sandarar da jiki, kuma ƙwayarta a ƙasa da kashin dabbobi take. In ba'a san tarihin rigakafin mutum ba kuma raunin da datti, bayan allurar rigakafin ana ƙara mashi wadda ke aiki nan take, wato ATS ko TIG.

Wane magani? Likitoci na raba irin wannan karayar gida uku bisa tsarin wasu likitocin Amurka biyu, Gustilo da Anderson, na 1976. Mataki na 1 rauni ƙasa da santimita 1 kuma mai tsafta. Na 2 daga santimita 1 zuwa 10 ba tare da nama ya dagargaje ba. Na 3 wanda ya wuce haka, ko nama ya lalace sosai, ko datti yayi yawa, raunin bindiga mai ƙarfi da wanda aka ji a gona duk nan suke faɗawa. Na 1 da na 2 cefazolin ko cefuroxime ya isa. Na 3 ana faɗaɗawa, a ƙara gentamicin ko a koma ceftriaxone. In kuma a gona ne ko turke ko cikin kwata, inda akwai taki da kashin shanu, ana ƙara penicillin ko Flagyl saboda ƙwayoyin da ke rayuwa inda ba iska, masu ruɓar da nama cikin sauri. Don haka ka faɗa ma likita ainihin inda aka faɗi, kan kwalta daban cikin gona daban. Gentamicin kuma yana taɓa ƙoda da kunne, dattijo ko mai ciwon ƙoda ko wanda ya zubar da jini da yawa sai an yi taka-tsantsan.

Amma fa allura bata wanke ƙasa. Dole a shiga tiyata a buɗe raunin a yanke mataccen nama a wanke da ruwan drip mai yawa, mai datti sosai nan take, sauran cikin awa 12 zuwa 24. In aka ce maku za'a shiga wankin ciwo kar ku ce a bari sai Alhaji ya dawo daga tafiya.

Jajibirin tiyata

Wannan ya shafi kowa, mai rauni da mara rauni. In likita ko mai bada maganin barci ya zo zagaye, a faɗa mashi gaskiya. Shin an taɓa yi ma majinyacin allura ko ya sha magani jikinshi ya yi bori? Kuma a fayyace irin borin, don mutane da yawa zasu ce maka penicillin baya karɓarsu alhali tashin zuciya ne ko gudawa suka yi, wannan ba shi ake nufi ba. Wanda ake tsoro shine borin jini, kumburin fuska da leɓe, sarƙewar numfashi, ko suma jim kaɗan bayan shan magani. Mai irin wannan ana sauya mashi da clindamycin ko vancomycin. A faɗi duk maganin da aka sha a gida kafin zuwa, har na gargajiya, ba mai yi maka faɗa. Ciwon suga a faɗa a auna a saisaita shi, suga in ya hau ciwo baya warkewa kuma yana saurin kamuwa. Mai shan sigari ya ajiye, tana iya hana ƙashi haɗewa ma gaba ɗaya. In akwai maruru ko wani gyambo a jiki ko fitsari na zafi, a nuna.

Wanka da sabulu daren ko safiyar aikin, inda zai yiwu. Kar a aske gashin wajen da reza a gida, reza na barin ƙananan yanka da ido baya gani kuma kafin safe ƙwayoyin cuta sun cika su. In dole sai an cire gashi, da injin aski ake yi dab da shiga.

Sai sayen magani, tunda a wajenmu yawanci takarda ake miƙo ma mai jinya ya je ya sawo. Ka saya tun jajibiri, a famasin asibiti ko wani amintacce, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kwalba a rufe, garin ciki a bushe bai dunƙule ba. In babu wanda aka rubuta kar ka yarda mai kanti ya ce ga ɗan uwanshi duk ɗaya ne, ka kira ko ka koma ka tambaya. Kuma ka sayi adadin da aka rubuta cif, in an ce kwalba 4 kar ka kawo 2 ka ce sauran gobe, wataƙila na ƙari ne a tsakiyar aiki.

Adadin da aka saba: cefazolin giram 2 ga babba, giram 3 in nauyinshi ya kai kilo 120, yara miligiram 30 kan kowane kilo. Cefuroxime giram 1.5. Clindamycin miligiram 900. Vancomycin miligiram 15 kan kowane kilo. A ƙa'idojin ƙasashen waje cefazolin ne zaɓin farko saboda yana kama Staphylococcus da kyau kuma baya share ƙwayoyin da ba ruwansu, amma a asibitocinmu ceftriaxone zaka fi gani don shi yafi samuwa. Yana aiki, sai dai ni a ganina mun cika kwasar shi ga komai, daga zazzaɓi har ƙurji, kuma haka ake koya ma ƙwayoyin cuta su dena jin shi.

Awa ɗayan da komai ya rataya a kai

Anan ne aka fi yin ɓarna ba tare da an sani ba. Ana so a bada allurar ta jijiya cikin minti 60 kafin wuƙa ta taɓa fata. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2016 ta sa iyaka minti 120, tare da la'akari da yadda kowane magani ke saurin barin jiki, kuma cefazolin da cefuroxime masu saurin fita ne shi yasa ake matso dasu cikin awa ɗaya. Vancomycin ne ake farawa da wuri, har awa 2 kafin aiki, saboda a hankali yake shiga cikin drip, in aka sake shi da gudu mutum sai yayi jajir da ƙaiƙayi jininshi ya faɗi.

Wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa 1992 kan mutum kusan 2,800 ya fito da abun fili. Waɗanda aka ba cikin awa 2 kafin yanka, kashi 0.6 suka kamu. Waɗanda aka ba bayan an fara aiki cikin awa 3, kashi 1.4. Waɗanda aka ba can bayan an wuce awa 3 da fara aiki, kashi 3.3. Waɗanda kuma aka yi ma gaggawa aka basu tun da sauran sama da awa 2, kashi 3.8. Kaga yin wuri da yawa da makara kusan hukuncinsu ɗaya.

To ga yadda take faruwa. An sa majinyaci a jerin aikin safe, nas mai kirki a ɗakin kwanciya ta bashi allurar ƙarfe 7 don kar a manta. Sai aka kawo mai haihuwa da gaggawa, ko wuta ta ɗauke ana jiran janareto, ko jinin da aka ce a tanada bai iso ba, ba'a shiga dashi ba sai bayan azahar. Lokacin da wuƙa zata sauka maganin ya riga ya bi fitsari, a takarda kuma an rubuta an bada. Saboda haka wajen bada ita shine cikin ɗakin tiyata, a hannun mai bada maganin barci, lokacin da ake shirin sa barcin ko allurar baya. Kai mai jinya aikinka ka tabbatar kwalbar ta bi majinyaci ta shiga, kuma ba laifi ka ce cikin ladabi, Sista dan Allah wannan ta ciki ce ko anan za'a bada? In an riga an bada a waje kuma aiki ya yi jinkiri, a sanar da na ciki ainihin lokacin don su sake.

Ku ɗalibai, a takardar duba lafiyar tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya akwai tambayar da ake yi da baki kafin yanka: an bada antibayotik cikin minti 60 da suka wuce? Ku dinga yinta da ƙarfi kowa ya ji, ko da babban likita ya ƙosa. Abu na biyu, in za'a ɗaure cinya ko damtse da abun tsaida jini, allurar ta gama shiga kafin a hura shi, in ba haka ba maganin zai zagaya ko'ina banda inda ake aikin. Na uku, ceftriaxone ba'a haɗa shi da ruwan da ke da kalsiyam irin Ringer's a layi ɗaya.

In aiki ya yi tsawo ana ƙarawa. Cefazolin da cefuroxime duk bayan awa 4, ana ƙirgawa daga lokacin allurar farko, clindamycin awa 6. Haka in jini ya zuba sama da lita 1.5 ga babba, don maganin ya bi jinin ya fita. Ceftriaxone yana daɗewa a jiki, yawanci baya buƙatar ƙari.

Bayan an fito, yaushe za'a tsaya

Nan kuma rigimar da 'yan uwa ce. A karayar da ba rauni, allurar kafin aiki ita ce mai aikin, in ma an ci gaba kar a wuce awa 24. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi kar a ci gaba bayan an gama tiyata don rigakafi kawai, kuma kasancewar an bar robar da ke fitar da jini a ciwon ba hujjar ci gaba bace. A mai rauni mataki na 1 da 2, awa 24 bayan an rufe ciwon. Mataki na 3, har awa 72 daga jin raunin, ko awa 24 bayan an samu an rufe, duk wanda ya riga zuwa.

Amma sai kaga Hajiya ta tare nas a baranda, ya ɗana an yi mashi babban aiki irin wannan kuma ba'a bashi allura, ko don ba mu da kowa ne? Gado na kusa ana ta tsira ma nashi safe da yamma sati guda. Hajiya, na kusa wataƙila ciwonshi ya riga ya kamu ne ana magani, naki kuma rigakafi aka yi an gama. Nasan wasu likitocinmu na tsawaitawa kwana 5 ko 7 suna cewa yanayinmu ba irin na Turai bane, ga ƙura ga cunkoso a ɗaki, kuma na fahimci tsoronsu. Sai dai binciken da aka yi bai nuna ƙarin kwanakin na rage kamuwa ba, abun da yake ƙarawa shine kuɗi, gudawa, wahalar ƙoda, da kuma in ciwon ya tashi kamuwa sai ya kamu da ƙwayar da bata jin maganin da muke dashi a kanti. Ƙura da cunkoso maganinsu wanke hannu ne da kayan aiki da aka dafa da kyau da bandeji mai tsafta. In likitanka ya rubuta kwanaki, ka tambaye shi dalili, amma kar ka tsaida da kanka kuma kar ka ƙara da kanka.

Bandejin farko a bar shi aƙalla awa 48 sai in ya jiƙe sharkaf. Masu zuwa dubiya suyi addu'a daga tsaye, ba sai an ɗaga an gwada masu ɗinkin ba. Ɗan zazzaɓi a rana ta farko ko ta biyu bayan tiyata sau da yawa ba daga ciwon bane, a wajenmu ma a fara da gwajin maleriya kafin a ce a canza antibayotik.

A gida

Abubuwan da zasu sa a koma asibiti ba jiran ranar da aka rubuta: ciwon da ya fara sauƙi sai ya dawo yana zugi, ja da ke yaɗuwa, kumburi da zafi a wajen, ruwa ko mugunya na fita, ɗinki ya buɗe, zazzaɓi da rawar sanyi, ko wari daga cikin POP. Mai ƙarfen waje, wanda sandunan ke fitowa ta fata, a dinga share gindin kowane ƙarfe yadda aka koya a asibiti, in ɗaya ya fara motsi ko yana fidda mugunya a kai shi. Kamuwar ƙarfe na iya ɓullowa bayan sati biyu, ko wata uku, wani lokacin har shekara.

In hakan ta faru kar a biya ta kemis tukuna. Likita na buƙatar ya ɗebi samfur daga can cikin ciwon a kai lab a shuka a ga wace ƙwaya ce da maganin da take ji, in an riga an sha Augmentin ko cipro na kwana uku sai gwajin ya fito ba komai alhali cutar na nan, daga nan sai lalube. Maganin ƙashin da ya kamu yakan ɗauki sati 6 zuwa 12, kuma yawanci sai an sake shiga tiyata an wanke, wani lokacin a cire ƙarfen ko a canza shi. In zaku koma ku tafi da takardar sallama da hotunan ƙashin da kwalin duk maganin da aka sha tun daga ranar farko.